Yaya Ilu, Mai Kai Kyamara Bakin Gona

Shekara tara ke nan da aka kai yayana Iliyasu makwancinsa a Rano, har yau kuwa hankalina ya ƙi kwanciya a kan aikin da ya bari. Na fara wannan rubutu na ajiye ya fi a ƙirga.

Yaya Ilu shi ne mai ba da umarni a shirye-shiryen kiɗa da nishaɗi na wani gidan talabijin a Kano. Shirin musamman na Sallah a hannunsa yake. Makaɗa da 'yan kama da 'yan gambara, shi yake jera su, ya nuna wa mai kyamara inda zai kalla. Abokan aikinsa sun fi son a kira mawaƙan birni cikin ɗakin ɗauka, a gama a tashi. Shi kuwa sai ya loda kaya a mota ya nufo gida. Ya ɗauki matan ƙauyen Durba suna kiɗan ƙwarya a tsakar gida, ya ɗauki masu gangar noma a ƙauyen Saji, rana na dukan kowa. In aka kira shi ofis a kan ɓata lokaci, ya ce gani ya kori ji, ya koma.

Faɗan da ya fi ci masa rai na gida ne. Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne, bai taɓa zaton ɗan da ya kai makaranta zai ƙare da bin maroƙa ba. Shekaru suka yi gaisuwa kawai ke haɗa su. Wata Sallah maƙwabcinmu ya fito da talabijin ƙofar gida, Baba yana dawowa daga la'asar sai ya tsaya daga nesa. Wanda ake nunawa a shirin Yaya shi ne Barau, tsohon Saji da ya yi musu kiɗan gayya suna samari, an ɗora shi a kujera. Washegari da Yaya ya durƙusa gaishe shi, sai Baba ya ce:

"Ilu, wa ya ce ka zaunar da shi? Ai Barau a tsaye yake kiɗa."

Makon bai fita ba Yaya ya koma Saji ya sake ɗauka. Baba bai taɓa yaba aikin ba har ya bar duniya, amma bai ƙara kiransa roƙo ba.

Yanzu kowa da kyamararsa a aljihu. Jikokina kan nuna min rawa a waya, kafin in gane mai kiɗan sun ture ta da ɗan yatsa sun wuce wata. Me Yaya zai ce, mutumin da ba ya yarda a yanke hoto sai makaɗi ya sauke hannu? Wata rana in ce da baƙin ciki ya kashe shi tun kafin ajalinsa. Wata rana kuma in ce shi zai fara sayen wayar, ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Na kasa tsayawa kan ɗaya.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne kaset-kaset ɗin da ya ɗauka. Bayan rasuwarsa na je gidan talabijin ɗin nema. Wasu an ɗora wasu shirye-shirye a kansu, wasu ruwa ya cinye su a sito.

Kwanakin baya wata mata mai suna Ladi ta hau mota tun daga Durba ta yi min sallama. Mahaifiyarta, marigayiya Kande, tana cikin masu kiɗan ƙwaryar nan, ita kuma so take 'ya'yanta su ji muryar kakarsu. Da ƙyar na iya gaya mata babu. Na rasa inda zan sa kaina. Da ta miƙe za ta tafi sai ta juyo.

"Hajiya, Innata ta yi kiɗa a bukukuwan da ba su ƙirguwa, ana ce mata mai ƙwarya. Yayanki ne ya fara tambayarta sunanta, ya sa aka rubuta shi a ƙasan hotonta. Har ta rasu tana faɗa."

Ban san ko wannan ya isa ya tsaya a madadin aikin rayuwa guda ba. Hotunan sun tafi, masu kiɗan ma saura kaɗan. Amma a Durba akwai gidan da ake sa Iliyasu a addu'a, ba dangin iya ba na baba. Allah ya kai haske kabarinka, Yaya.