Notin da Ya Yi Saura a Teburin Kawu

Kawuna mai gyaran agogo ne, kuma shekara arba'in ke nan rabonsa da nama. Wata uku ya taɓa yi yana aiki a mayanka yana saurayi, daga nan ko kifi bai ƙara kallo ba. Mun yi masa tsiya a kan haka har mun gaji.

Bara kansa ya fara ba shi kunya. Sai ya kwance agogo, ya jera kayan cikinsa a kan farin ƙyalle, ya tsaya riƙe da hantsaki bai san wanne ke bin wanne ba. Babbar 'yarsa, wadda muke kira Yaya, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da wasa. Ta ce ya rufe shagon. Ya ce sai dai a fitar da shi a kwance.

Suka yi yarjejeniya. Ta kai shi aka duba ƙodarsa, sannan ta kawo wani farin gari, kiriyatin. Ta ce a nama da kifi aka fi samunsa, shi ya sa na jikin irinsu Kawu kan yi ƙasa, kuma wasu yakan ɗan taimaka musu wajen riƙe abu a ka. Bayan wata uku zai haɗa agogo a gabanta. In ya kasa, a sa wa shagon kwaɗo.

"Baba, wasu da giram ashirin suke farawa a satin farko."

"Ke, mai in ya yi wa agogo yawa tsayawa yake yi. Nawa ne na kullum?"

"Uku zuwa biyar."

Ya ƙi cokalin da ke cikin gwangwanin garin, wai cokali ba ya faɗin gaskiya. Kowace safiya a ɗan sikelinsa na shago yake auna giram biyar cif, ya kaɗa a ruwa ya shanye.

Ranar da wa'adin ya cika ina wurin. Ya kwance wani tsohon agogon aljihu, ya fita shan shayi, ya dawo ya sa gilashinsa na ido ɗaya. Yatsun nan da suka tsufa suka shiga ɗauka suna ajiyewa, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Ban san ko garin ne ko taurin kansa ba, ni dai na zuba masa ido. Agogo ya fara bugawa.

Sai ga ɗan noti guda a kan ƙyallen. Na ce a raina, shi ke nan, ya manta da ɗaya. Kawu ya ɗauke shi da hantsaki, ya juya shi a haske, ya miƙa wa Yaya.

"Wannan ba nasa ba ne, na agogon hannu ne. Da na fita shan shayi kika saka."

Yaya ta sunkuyar da kai tana dariya, ido cike da ƙwalla. Ta zaro kwaɗon da ta sayo daga jaka, ta ajiye masa a tebur.

"Bar shi nan," in ji Kawu. "Na ga harshensa yana cijewa, zan duba miki."