Maiwada Mai Rina 'Yan Tsaki

Maiwada marini ne a Tudun Wadar Minna, amma ba a tufafi ya yi suna ba. Tun wajen 1980 matan unguwa ke kawo masa 'yan tsaki yana tsoma su a jan rini, wai don kada shaho ya gane su. Dabara kuwa ta ci, shaho ya yi ƙaura.

Ashe bawan Allahn nan ba abin da yake so kamar kallon shaho. Kullum wuyansa a sama. In maƙwabta suka tsokane shi, "Ga mutuminka can!" sai ya ce, "Shirwa ce, ba ku ga wutsiya a tsage ba? Shaho faɗowa yake kamar dutse."

Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya bar tsakon matarsa Lailatu guda fari fat a tsakar gida, ya kafa kujera. Kwana uku shiru.

"Malam, tallan tsakona kake yi wa sama?"

"Sau ɗaya nake so in ƙara ganinsa, Lailatu."

Washegari ta buɗe akurki, ta sako sabuwar ƙyanƙyasa, bakwai, duk farare.