Sallamar da Luba Ta Amsa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, ku da Allah Ya bar muku su lafiya. Wanga zance ba tatsuniya ba ne, abu ne da ya faru a tsakar gidana a Runjin Sambo, cikin garin Sakkwato, shekarun baya kaɗan, kuma wallahi tallahi, ni da ƙafata guda ke bakin kabari, ba ni da ribar da zan ci in na yi muku ƙarya.

Ina da jika, Lubabatu, muna ce mata Luba. Ɗiyar ɗana ce, a hannuna ta tashi tun rasuwar uwarta. Tana ƙarama sanƙarau ya kama ta, Allah Ya tashi kafaɗunta, amma ciwon ya tafi da kunnen hagu ɗungum, na daman ma ya bar shi rabi da rabi, in kana son ta ji ka sai ka tsaya gabanta ta kalli bakinka. Sallama daga zaure kuwa, tun tashinta daga ciwon nan ba ta ƙara jin ta ba, ni ke amsawa. Duk da haka yarinyar nan ta kafe ita sai ta zama nas, Allah kuwa Ya ba ta makarantar koyon aikin jinya. To amma malamansu da gudu suke magana, da Turanci, kuma da malami ya juya ya fuskanci allo shi ke nan an rufe ma Luba ƙofa. Ta faɗi jarrabawa sau guda, anka ce mata in ta sake faɗuwa sai gida.

Tana da ƙawa a ajin, Rifkatu, ɗiyar wani malamin makaranta mutumen Filato da ke zaune Sabon Gari, yarinya mai hankali. Ita ta kawo shawarar a sayi rikoda, ƴar na'urar nan mai ɗaukar magana, tun da an hana su shiga aji da waya. Ta ce Luba ta riƙa aje ta kan tebur, in ta dawo gida ta sa abin kunne ta ƙure ƙara ta yi ta maimaitawa. Ta ce kuma ba kowace za a saya ba, a nemi mai cin batir saboda halin wutarmu, mai jiyo magana daga nesa, wadda ake iya rage mata gudu ta yi magana sannu.

Ranar wata Asabar cikin bazara, rana kamar ta fasa kai, munka hau keke napep mu uku zuwa kasuwa, don ni ba na barin yara su yi ciniki su kaɗai. Mai shagon da munka shiga ya fito da sababbi cikin kwalinsu, Rifkatu ta riƙa gwada su, tana ja da baya tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, kamar yadda ƴan boko ke yi, in an kunna sai a ji hayaniyar kasuwa ta danne muryarta. Da ya ga za mu tafi, sai ya jawo wata daga ƙasan kanta, baƙa, babu kwali, gefenta ya ɗan goge. Ya ce ta hannu ce, cikin kayan gwanjo ta zo mishi, amma ko raɗa anka yi a bayan aji sai ta kamo.

Ya danna, ya miƙa ma Luba, ya ce ta yi magana. Yarinya ta kai ta bakinta, kunya ta kama ta, ta rasa abin cewa, sai ta faɗi abin da na koya mata ta fara faɗi a ƙofar kowa. Ta yi sallama.

Anka mayar anka kunna. Munka ji sallamar Luba tas, babu hayaniyar kasuwa ko kaɗan, kamar a cikin ɗaki ta yi ta.  Sai muryar mace, a natse, kusa-kusa, ta ce, "Wa alaikumus salamu. Shigo."

 Mai shago ya yi dariya ya ce kun gani ko, wata ce a shagon maƙwabta, har ita ta kamo. Na leƙa dama na leƙa hagu, layin nan duk maza ne. Na ce a bar ta a ɗauki sabuwa. Luba ta ce ita wannan kaɗai ta ji da kyau, ta ja ni da wasa, wai tsohuwa ke da ko rediyo kike zargi da gulma. Na ga yadda idonta ke ƙyalli, na kwance bakin zane na biya. Munka taho da ita.

Farkon abin alheri ne, ba zan ɓoye ba. Kullum bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, abu a kunne, tana rubutu tana gyaɗa kai. Gwajin da anka yi musu ta ci, har wata malamarsu ta yaba mata gaban aji. Wata rana tana tsince mini shinkafa take ce mini, Allah Ya saka ma wata ƴar ajinsu da alheri, ba ta ma san ko wace ce ba, duk abin da malami ya faɗi sai ta maimaita shi da Hausa sannu a hankali daidai bakin rikodar. Rifkatu na zaune tana cin ɗanwake, ta aje cokali. Ta ce ita ke zama gefen Luba, ɗayan gefen bango ne, kuma babu mai buɗa baki in malamin nan na magana.

Munka cire abin kunnen munka kunna a fili. Ga malami can nesa yana ta Turancinshi, ga kuma matar nan ta kasuwa, na gane muryar, tana bin shi a baya tana fassarawa, yadda ake auna zafin jiki, yadda ake juya majinyaci kada bayanshi ya yi gyambo. Rifkatu ta kira sunan Yesu, ni na kama salati. Uban Luba, da ya dawo daga fataucin hatsi na gaya mishi, ya ce tashar rediyo ce ke shiga ciki, mu bar yarinya ta yi karatu.

Sai lokacin da anka fara kai su asibiti koyon aiki. Rannan Luba ta manta rikodar a kunne cikin aljihun farar rigarta, ta zaga ɗakin mata da ita. Da ta dawo tana saurare, na ga ta tsaya cak, ta miƙo mini. Ana jin takun ƙafa, ana jin tari, sai muryar nan ta ce, "Ta bakin taga, a juya ta gabas." To ku kun san wanda ake juyawa gabas. Luba ta ce ai matar bakin taga ita ta fi kowa sauƙi, har tuwo ta ci, gobe za a sallame ta. Washegari da ta je ta tarar an naɗe katifar.

Ranar na ce rikodar nan ba ta ƙara kwana gidana. Luba ta durƙusa ta riƙe ƙafafuna.

"Inna, jarrabawa saura kwana kaɗan. In kin raba ni da ita kin mayar da ni kurma. Mi ta yi mini in ba alheri ba?"

Na ce mata ɗiyata, wanda ba ka ga fuskarshi ba ba ka san kuɗin alherinshi ba. Ta yi ta kuka har na ce to, ranar da kunka gama, ranar za ta bar gidan. Na karɓo tofi wurin limaminmu, na shafe ta da shi, na shafe rikodar.

Karatun ƙarshe da ta ɗauko, bayan malami ya gama, an ji turawar kujeru, kowa ya fita, sai matar ta ce, kamar mai murmushi, "Kin zo wurina kin daɗe, Lubabatu. Ni ma ina nan tafe." Haka al'adarmu take, wanda ya zo gidanka kai ma sai ka taka ka je nashi. Na ce ma Luba daga yau kowa ya yi sallama ta bar ni da shi, ta ce Inna yaushe rabon da in ji sallama balle in amsa.

Ranar Juma'a ce, jarrabawa Litinin. Maza duk sun tafi masallaci, unguwa ta yi tsit, rana ta take tsaka, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Ina alwala bakin rariya, Luba na ƙofar ɗaki da littafinta, rikodar na cikin jaka a rataye, batir ɗinta ma yana cikin kwano, ni na cire da hannuna. Sai anka yi sallama daga zaure. Muryar nan ce.

Ni da ban taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba tun da na yi wayo, na datse haƙorana. Anka sake yi. Na juyo in yi ma Luba alama, sai na ga fuskarta. Wallahi ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar ɗan Adam ba. Ta dafe kunnen hagu, mataccen, ta ce, "Inna, na ji! Da wannan na ji!" Kafin in yar da buta in kai gare ta, anka yi ta uku, bakinta ya riga hankalinta. Ta amsa, har da cewa a shigo.

Ba mu ga kowa ba. Labulen zaure dai ya ɗaga kamar an bi ta ƙarƙashinshi, alhali ko ganyen darbejiya ba ya motsi, sannan tabarmar da ke gefen Luba ta ɗan lotsa. Ta ce kanta na sara, ta kwanta nan inda take. Da na tashe ta sallar la'asar, ina magana tana kallon bakina, ta ce in ɗaga murya. Na yi ihu har maƙwabta sunka shigo. Kunnen daman ma ya tafi.

Litinin ta je ta rubuta jarrabawa, ta kuwa ci, da kyau ma. Amma da anka zo gwajin aiki anka sa mata abin sauraren ƙirji a kunne, ba ta ji bugun zuciyar kowa ba. Likitocin kunne sun duba sun ce ba su ga abin da ya ƙaru ba. Makaranta ta ba ta haƙuri, farar rigar na nan ƙasan akwati.

Mai shago, da munka koma, ya rantse bai san mai rikodar ba, ya ƙi ko taɓa ta, yanzu takalma yake sayarwa. Uban Luba ya ɗaure rikodar da dutse ya jefa ta gulbi, bai ƙara zancen tashar rediyo ba. Rifkatu ta zama nas, tana aiki garinsu, duk zuwanta Sakkwato sai ta biyo da tsaraba, su zauna suna magana da hannu. Luba tana nan tare da ni, ba ta jin kiran salla, ba ta jin tsawa, amma takan karkata kai gefen hagu ta yi shiru kamar ana gaya mata wani abu, wani lokacin ta ce a je gidan wane a juya shi gabas, kuma ba ta taɓa ambaton mutum ya tashi ba.

Ku masu ɗiya a makaranta, in za ku sayi irin abin nan ku sayi sabo cikin kwalinshi, in an ce ku gwada, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku. Sallama ba a yin ta sai a ƙofar da ka san mai ita. Ni yanzu ba na amsawa sai na ga fuska, unguwa na cewa tsufa ya sa ni girman kai, na bar su. Kwanan nan kuma na lura, kullum na dawo daga alwala sai in tarar Luba ta gyara mini shimfiɗa ta fuskanci gabas. Ban tambaye ta ba.