Lahadin Shawulu Bakanike

Shawulu bakanike ne a bakin iyakar Jibiya, yana gyaran manyan motocin da ke dakon hatsi zuwa Maraɗi. Tun yana saurayi bai iya cewa a'a ba. Ko tuwo yake ci, direba na kira zai wanke hannu ya fita. Ya daɗe rabonsa da coci, gonarsa ta Daddara kuwa ciyawa ta cinye ta.

Wata rana da azahar yana kwance ƙarƙashin wata tirela, barci ya sace shi da sifana a hannu. Direban ya ɗauka an gama aiki, ya tayar da mota. Ƙarar injin ce ta farkar da Shawulu, da ƙyar ya mirgino waje.

Abdulfatah, mai garejin da ke kusa da nasa, ya zaunar da shi ya ba shi ruwa. "Malam Shawulu, ni ma haka nake fama da rashin hutu," in ji shi. "Ka riƙe mani masu kawo mani gyara ranar Juma'a, ni in riƙe maka naka ranar Lahadi."

Lahadin farko Shawulu ya kashe waya ya huta, yana ganin direbobi za su guje shi. Ranar Litinin sai ya tarar da motoci na jiransa. Ya sauke ajiyar zuciya. Wani tsohon direba ɗan Maraɗi ya dube shi ya yi dariya: "Maigida, yau har da murmushi! Zo ka duba mani birki."