Kitson da Ke Cikin Kanumfari

Har gobe in na ji ƙanshin kanumfari a shayi sai gabana ya ɗan faɗi, daga baya in yi ajiyar zuciya. Ku zauna ku ji dalili.

A unguwar Hindawiyya na tashi, nan Makka, 'yan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu. Gidanmu na kwano ne da katako, da rani ka taɓa bango ya ƙona ka. Baba Bakano ne, a ƙafa ya zo ta Sudan, tsire yake sayarwa. Kakata ta wajen uwa kuwa mutuniyar Jawa ce, ƙasar da yanzu ake kira Indunusiya. Sitti muke ce mata, irin na Larabawa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce fara, kai duk furfura, Hausarta a karye duk da shekarun da ta yi da marigayi kakanmu. Ba ta zancen ubanta. In na tambaya, sai ta cusa mini dabino a baki.

Ina shekara tara Inna ta haifi ƙanwata. Jaririya ta zo da jan gashi, idanu kamar na mage. Ai kuwa 'yan barka suka samu abin yi! A leƙa, a ce masha Allah, a taɓe baki. Gwaggo, yayar Baba, ita ba ta iya raɗa ba. A tsakar gida ta ce masa, "Danginmu babu jan kai, Jawa ma baƙin gashi gare su. Kada ka yanka rago sai an gaya maka daga ina."

Tun daga ranar Baba ya daina shiga ɗakin Inna. Inna na wankan jego tana kuka. Ban gama gane zargin ba, amma na gane auren iyayena zai mutu, tsoro ya hana ni cin abinci.

Ranar suna da safe ga rago a ɗaure, ba wanda ya ɗauko wuƙa. Wanzami dai ya yi askinsa, ya tara gashin a faranti. Sai Sitti ta fito da ƙunshin wani tsohon zane, ta kwance a gaban kowa. Ƙanshin kanumfari ya cika gidan. Jelar kitso ce a ciki, doguwa, ta ƙaramar yarinya. Ta ajiye ta kusa da gashin jaririyar. Wallahi launinsu ɗaya.

"Nawa ne," in ji ta. "Ubana Bature ne ɗan Holan, cikin masu mulkin ƙasarmu. Uwata aiki take masa a gidan gona. Da zai koma garinsu ya ce da ni zai tafi, ita ta zauna. Sai ta yanke mini wannan, ta shafe kaina da baƙin tukunya, ta bi alhazai da ni. Tun daga nan nake rina shi, har furfura ta hutar da ni. Ko 'yata ban gaya wa ba, don kunya. Amma kunyata ba za ta kashe mata aure ba."

Gwaggo ta ɗaga kitson, ta juya shi, ta ce, "Haba Hajiya! Sai da kika bari na gama zubar da mutuncina?"

Baba ya shiga ɗakin Inna, ya daɗe. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya ce a miƙo wuƙa. Sunan Sitti ya sa wa yarinyar. Ran nan na ci nama har cikina ya ɓaci, ban kuma yi nadama ba.

Yau babu gidan kwanon, jikokina ma Larabci suke amsa mini in na yi musu Hausa. Kitson yana wurina, duk shekara nake sabunta masa kanumfari. Bara jikar ƙanwata ta haifi mai jan kai, kowa sai ɗaukar hoto yake yana yaba kyau. Duk da haka ranar suna na tafi da ƙunshin a jakata, don ni har yanzu ban yarda da 'yan barka ba.