Rago Don Kofin Ƙanƙara

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a nan na tsufa, kuma ƙanƙarar da na sani ita ce ta firij, sai wadda ake fasawa a zuba a kula ranar biki. Amma Allah da ikonsa, sai ga jikana ya mai da gudu a kanta sana'a. Ubansa, ɗana na fari, karatun injiniya ya kai shi wata ƙasa can arewacin Turai, ya samu aiki, ya kwashi matarsa suka zauna, a can aka haifi yaron. Maigida nake ce masa, irin wasan kaka da jika, shi kuma ya ce mini Sitti, yadda yaran Makka ke kiran kakanninsu mata. Hausarsa a karye take, Larabcinsa ya fi ta karyewa, amma muna gane juna.

Hoki ake ce wa wasan. Ranar da aka fara nuna mini shi a waya, salati na saka. Ƙatta ne sun sha sulke, kowa da takalmi mai wuƙa a ƙasa da sanda mai lanƙwasa, suna bin wani baƙin faifan roba kamar ƙonanniyar waina. Aikin maigidana a ciki shi ne tsaron baya. Idan aka sheƙo faifan nan za a jefa musu a raga, sai ya tare da jikinsa. Da jikinsa fa! Haƙorinsa na gaba a nan ya tafi. Na ce masa, “Maigida, ni ba na zaman aure da mai giɓi.” Ya yi ta dariya, ya ce ai ya sa na roba. Tun yana ɗan mitsitsi ubansa ke kai shi fili cikin sanyi, har wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Bai san wani abu a duniya ba sai wannan.

Mu mutanen Makka muna da wani aiki da ba wanda ya ɗauke mu, ba kuma ranar da za mu ajiye. Duk ɗan uwan da ke nesa, da abu ya taso masa, mu zai kira: a je Harami a roƙa mini. Mai neman haihuwa, mai jarrabawa, mai shari'a. Mahaifiyata ta koya mini cewa saƙon addu'a amana ce, yadda aka ba ki haka za ki kai, ba ragi ba ƙari. Shekarar da ƙungiyarsu ta yi ƙarfi, sai maigida ya kira ni ya ce, “Sitti, ki roƙa mana. Ƙungiyarmu ta ci kofi.” Na ce an gama. Washegari na sa aka kai ni Harami da hantsi, na yi ɗawafi a kan keken guragu saboda gwiwa, na kai saƙo yadda aka ba ni. Daɗi ya ɗebe ni, na ɗora da bakance: ya Rabbi, idan ƙungiyar nan ta ci kofi, zan yanka rago in ciyar da unguwa. Ban tsaya nan ba, bakina da bai iya shiru ba ya zaga da labarin. Har masu tsire a titin Mansur sun san Hajiya na da rago a wuya.

Ashe a can wata shawarar ake yi. Ɗana ne ya kira ni wata Juma'a bayan la'asar, murya a sanyaye. Ya ce, “Umma, sun sallame shi.”

Na ce, “Wa? Me ya sata?”

Ya ce bai yi laifin komai ba. Sai ya zauna yana yi mini bayani dalla-dalla, irin na injiniyoyi. Wai kowace ƙungiya tana da masu lissafi, waɗanda ko takalmin ƙanƙara ba su taɓa sawa ba, aikinsu ƙirga. Duk motsin ɗan wasa a rubuce yake. Idan wane yana fili, sau nawa aka kai wa abokan hamayya hari, sau nawa aka kawo musu. Kafin a shiga wasannin fitar da gwani, inda ake ta karawa biyu-biyu har a bar zakara ɗaya, akwai ranar da ake rufe ƙofar musayar 'yan wasa. Suka duba lissafi, suka ga idan maigidana yana fili, faifan ya fi daɗewa a gefensu. Sai suka kawo wani daga wata ƙasa mai saurin kai hari, shi kuma aka ce ya kwashe kayansa, ana gobe a rufe ƙofa.

Na ce, “To ai dole faifan ya daɗe a gefensu, tunda ba sa tura shi fili sai wuta ta kama!”

Ya ce, “Masu lissafin sun ce sun sa wannan ma a awo.”

“Haƙorin fa? Sun ƙirga shi?”

Na ce to ya gaya mini gaskiya, lissafin nan yana faɗin wanda zai ci kofi? Ya ce a doguwar tafiya ta shekara yana yawan faɗa daidai, amma a fitar da gwani wasannin kaɗan ne, mai tsaron raga ɗaya idan tauraronsa ya haska sai ya rushe duk abin da aka ƙirga. Na ce, “Wato su ma ba su sani ba.” Ya ce ba su sani ba, dama kawai suke son ƙarawa ko da ƙanƙanuwa ce. Innalillahi! A kan wataƙila aka tuɓe yaro daga aikinsa. Na ce a ba ni lambar shugabansu. Ɗana ya ce, “Umma, da wane yare za ki yi masa magana?” Wallahi ban taɓa jin ba ni da amfani ba irin na ranar. Ga Ka'aba tafiyar ɗan lokaci a mota daga ƙofata, ga jikana a wata uwa duniya, ko kansa ba zan iya shafawa ba.

Da na samu maigida a waya, ya rame a fuska. Na fara zagin ƙungiyar, na ce Allah ya isa, sai ya ɗaga hannu. Ya ce, “A'a, Sitti. Abokaina ne. Tare muka sha wahala. Ki ci gaba da roƙa musu.” Na ce ba zan iya ba. Ya ce, “Amana ce, ke kika ce.” Kun ji ja'iri, da maganata ya ɗaure ni.

Haka na ci gaba da zuwa. In ɗaga hannu gaban Ɗakin Allah in roƙa wa mutanen da suka kori jikana, harshena na nauyi, in gama in roƙa masa nasa daban, ina kuka. Wasanninsu bayan magariba suke kamawa a agogonmu. Da farko na rantse ba zan kalla ba, amma kullum sai in tsinci kaina da waya a hannu da tabarau a hanci, ina neman lambar rigarsa a fili alhali na san ba ta nan.

Wanda aka kawo a madadinsa kuwa, ina sa masa ido kamar kyanwa da ramin ɓera. Tun a zagayen farko ya gurɗe a kafaɗa, bai sake shiga ba. Zuciyata ta ce yanzu za su kira nawa. Ɗana ya ce ƙofa ta rufe, doka ba ta bari. Sai mai tsaron ragarsu, wanda masu lissafin ma ba su ɗauke shi bakin komai ba, ya zama bango. Suka yi ta tsallakewa, zagaye bayan zagaye, har suka ɗaga kofin. Na ga yaran sun taru a kan ƙanƙara suna rungumar juna, na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na tambayi ɗana, to lissafin ya yi gaskiya ke nan ko ya yi ƙarya? Ya ce ba mai iya cewa. Ya kuma gaya mini ba wata babbar ƙungiya da ta nemi yaron don baɗi, don duk takardar lissafi iri ɗaya suke dubawa.

Na tafi wurin limamin masallacinmu da 'yar dabarata. Na ce, “Malam, bakancen nan don jikana na yi, kuma ba ya ciki.” Ya ce in maimaita masa abin da na faɗa gaban Ka'aba. Na maimaita. Ya ce, “Ƙungiyar ta ci?” Na ce ta ci. Ya ce, “To Hajiya, a nemi rago.”

Aka yanka. Aka dafa shinkafa a manyan tukwane, aka jera farantai har bakin titi. Mata suka cika gidan, na unguwar Rusaifa ma sun zo, kowa na cewa mabruk, barka, Allah ya karɓi addu'ar Hajiya, ina angon yake a hoton? Wasu na gaya musu gaskiya, wasu na ce su ci abinci kada ya huce. Ni ko loma ɗaya ban ci ba.

Ana tsakiyar haka waya ta yi ƙara, maigida ne. Yana zaune a kicin ɗin uwarsa da rana tsaka, ba sulke, ba haƙorin roba. Ya ji hayaniya ya ce mene ne, na juya masa wayar ya ga farantai da jama'a. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi da giɓinsa.

Ya ce, “Sitti, addu'arki tana ci.”

Na ce, “Tana ci, maigida.”

Ya ce, “To yanzu me zan ce ki roƙa mini? Ni ban sani ba.”

Wata maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko akwai sauran nama a ciki, na nuna mata tukunya da hannu.