Ranar da Kawu Ya Taya Kwamfuta

Komai zan iya mantawa a shekarun da na yi ina koyar da aikin ƙarfe a Diffa, ban da ranar da kawuna ya taya kwamfuta kamar buhun tattasai.

A lokacin an kawo wa cibiyarmu ta koyon sana'a wani inji mai sassaƙa ƙarfe da kansa. Kai dai ka zana abin da kake so, manhaja ta tsara hanyar da haƙorin injin zai bi, sannan ta rubuta maka a ƙasan allo tsawon lokacin da aikin zai ci. Ni kuwa ina girmama wannan lissafi kamar hukuncin alƙali. Haka aka koya mini, haka nake koyarwa.

Wata safiya sai ga kawu, yayan mahaifiyata, manomin tattasai a bakin Komadugu ta wajen Assaga, da farfelar injin ban ruwansa ƙunshe a tsumma. Ta tsage gida biyu. Ya zaga kasuwa babu irinta, ga tattasai yana cikin fure. In ƙishirwa ta ƙara kama shi furen zai zube, wahalar shekara ta bi shi. Mota kuma ba ta zuwa garinsu sai ranar kasuwa, wato ranar nan, kuma da la'asar take tashi, kafin a rufe hanya saboda tsaro.

Na auna, na zana, na ɗaure curin alminiyam a kan inji. Kafin in gama, hantsi ya wuce.

"Nawa ta ce, Mushe?" Haka yake kirana, wato malam da Faransanci, tun da na fara sa taguwa mai aljihun biro.

"Awa shida da rabi, Kawu. Ba za mu samu motar ba."

Ya jawo kujera, ya gyara zama. "To, ta faɗi nata. Ce mata biyu."

"Kawu, ba ciniki ba ne. Lissafi ne."

"Dillalan tattasai ma lissafi suke cewa."

Don in gamsar da shi, na kunna masa hoton aikin a allo, haƙori yana ta kewaya farfela. Ya ƙura ido, can ya nuna da haɓa. "Me take yi a bayan nan, tana ta zagaye kamar akuyar ɗaure?" Na ce gogewa take yi, don bayan farfelar ya yi sheƙi.

"Wa zai gani? Kifi?"

Na cire gogewar, don dai in nuna masa ba za ta canza komai ba. Lamba ta faɗo zuwa biyar. Na matso kusa da allo na sake duba ta.

Kawu bai ko yi murmushi ba. Ya tashi, ya zura takalmi, ya nufi ƙofa.

"Ina zuwa kuma?"

"Bari ta ga na tafi," ya ce ƙasa-ƙasa, kamar kada ta ji.

Yana tsaye a bakin ƙofa ya ba mu baya, ni kuwa ina bin hanyar haƙorin layi-layi, abin da ban taɓa yi da irin wannan zumuɗi ba. Sai na ga bayan kowane yanka yana tashi sama sosai, ya yi yawo a iska, sannan ya sauko. Na rage masa yawon. Na sa babban haƙori ya fara kwashe tudu kafin ƙarami ya bi lungu. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da nake hana ɗalibai surutu.

"Kawu, dawo, ta sauko. Uku da rabi."

Ya dawo a hankali, fuska a ɗaure. "Uku."

Saura hanya ɗaya, in ƙara gudun yanka. Amma ƙaramin haƙorin nan shi kaɗai gare mu. Na ce, "Kawu, ta ce albarka. In aka matsa, haƙori zai karye, mu rasa farfela, mu rasa motar."

Ya dube ni, ya dubi allo. "Wannan albarkar ta gaskiya ce, na san muryarta. Na saya." Ya miƙa hannu ya kama linzamin kwamfuta ya girgiza. Dariya ta kama ni har na kasa danna maɓallin tashi.

Inji ya yi ta kuka, ɓarɓashin ƙarfe na tsalle, mu biyu muna leƙe kamar masu jiran haihuwa. Aka kira la'asar bai gama ba. Kawu ya riga ya lallabo direban har ƙofar cibiya, direban na ta danna oda. Na fara bayani cewa manhaja ba ta ƙirga canjin haƙori da juya ƙarfe.

"Bar ta," in ji kawu. "La'adarta ce. Wane dillali ne ba ya ci?"

Inji na tsayawa kawu ya naɗe farfelar a tsumma, ya faɗa mota ƙafa ɗaya a waje. Da kaka sai ga buhun tattasai ja wur, da saƙon cewa rabi na Mushe ne, rabi na mai taurin kan nan ta cikin allo.

Tun ranar nake gaya wa ɗalibai: lambar da na'ura ta ba ka amsar tambayarka ce, ba ƙaddara ba. Ka taya. Amma ka koyi gane albarkar da ba a sake tayawa bayanta.